Karan hatsi ya raba gardamar rubu'i da tumuni

A Sarkin Hausa, cikin ƙasar Mayahi, kowane yaro ya san takwas ta fi huɗu. Shi ya sa in malamin lakwal ya rubuta 1/4 da 1/8 bisa allo, ya ce wanne ya fi girma, yara da yawa sukan nuna 1/8. Manya masu zuwa karatun yaƙi da jahilci su ma sukan faɗa wannan rami.

To, maganin abin yana kwance cikin gonaki bayan girbi. Yara su samo karan hatsi 2, a datse su tsawonsu ya zama ɗaya. A auna tsawon da igiya, a ninka igiyar biyu, a sake ninkawa: ma'aunin rubu'i ke nan. In aka ƙara ninki ɗaya, ma'aunin tumuni ya fito. Sai a yanka karan farko gida 4, na biyu gida 8. Yaro ya ɗauki guntu daga nan, guntu daga can, ya jera su bisa rairayi. Da idonsa zai ga sai an haɗa tumuni 2 kafin su kai tsawon rubu'i ɗaya. Gani ya kori ji. Lambar da ke ƙasa, yawan masu rabo take faɗi. Hannuwa in sun yi yawa cikin akushi, lomar kowa raguwa take.

Amma akwai sharaɗi: karan biyu su zama tsawo ɗaya. Rabi ya fi rubu'i, amma rabin tiya bai kama ƙafar rubu'in buhu ba. Kafin a gwada kashi da kashi, a tambaya: kashin mi?

Akwai waɗanda suka fi wuya, kamar 2/3 da 3/4. Nan tsakuwa ke aiki. Yaro ya ƙirga 12, ya kasa su gida 3, ya ɗebi gida 2, ya sami 8. Ya sake haɗa su, ya kasa gida 4, ya ɗebi gida 3, ya sami 9. Ashe 3/4 ne babba, da tsakuwa ɗaya tak.

Wani zai ce wannan wasan yara ne. To, ga rabon gado. Shari'a ta ba mace rubu'i in mijinta ya rasu bai bar ɗiya ba, tumuni in ya bar ɗiya. Uwar mamacin tana da sudusi in akwai ɗiya. A ce magidanci ya rasu, mahaifinsa ya riga shi, ya bar mace ɗaya, da uwa, da ɗiya maza da mata. An biya bashi, dami 24 suka rage cikin rumbu. Yaron da ya saba da tsakuwa zai ƙirga 24. In ya kasa su gida 8, kowane gida 3 ne: rabon macen. In ya kasa su gida 6, kowane gida 4 ne: rabon uwar. Sauran 17 na ɗiya ne. Liman ke rabo, amma gidan da aka fahimci lissafin, ba a tashi da zargi cikin zuciya.

Haka zakka. Hatsin damana ana fid da ɗaya cikin 10 in ya kai nisabi. Wanda aka shayar da guga daga rijiya, ɗaya cikin 20, watau rabin na farko, saboda wahalar ban ruwa. Mai zaton 1/20 ya fi 1/10 ya juya hukuncin.

Don haka uban da ya ga ɗansa na yanka kara da maraice, kada ya kore shi. Ya zauna, ya karɓi igiyar, ya ninka da hannunsa. Allah ya ba yara basira, ya ba manoma da makiyaya damana mai albarka.