Zaman Makoki a Baƙuwar Ƙasa

Fili na farko da Ibrahim ya mallaka a ƙasar alkawari makabarta ce. Allah ya yi masa alkawarin Kan'ana dukanta, amma ranar da Saratu ta rasu a Hebron tana da shekara 127, ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa inda zai haƙa mata kabari. Littafin Farawa sura 23 ya nuna mana tsohon nan ya tashi daga gaban gawar matarsa, hawaye bai bushe masa ba, ya je ƙofar gari ya rusuna wa Hittiyawa, ya yi ciniki da Efron, ya auna shekel 400 na azurfa, sa'an nan ya sami kogon Makfela. Haka rabon baƙo yake. Ɗan gari in an yi masa rasuwa kuka kawai zai yi, jama'a su ɗauki sauran. Baƙo kuwa da kuka da ciniki tare yake yin su, a gaban mutanen da al'adarsu ba tasa ba ce.

Na karanta wannan sura tun ina ɗalibi a makarantar tauhidi a Bukuru, amma a birnin Bamingam na ƙasar Ingila, inda nake hidima shekaru da dama yanzu, na ga an rayu da ita. Ikkilisiyarmu ta baƙaƙen fata ce: 'yan Nijeriya, 'yan Gana, da tsofaffi 'yan Jamaika waɗanda suka zo cikin shekarun da suka biyo bayan 1948, lokacin da jirgin ruwan Windrush ya sauke na farkonsu. Maƙwabtanmu kuwa mutanen kudancin Asiya ne: Musulmi 'yan Pakistan da Bangladesh, da mabiya addinin Hindu da na Sikh daga Indiya. Bangaskiyarmu dabam ce, ba na kuwa ɓoye wannan. Amma a bakin kabari na ga muna da ciwo iri ɗaya. Dukanmu mun fito daga ƙasashen da makoki aikin jama'a ne, muka sauka a ƙasar da aka mai da shi al'amarin mutum shi kaɗai.

Mai karatu ya san yadda ake yi a gida. Kafin a gama rufe wa mamaci ido, tabarmi sun cika ƙofar gida. Zumuntar mata sun ɗora tukwane, matasa sun ɗauki diga da shebur, dattawa sun zauna. Mai shigowa zai ce, "Ya haƙuri?" a amsa masa, ya sami wuri ya zauna, ba wanda zai tambaye shi ko an gayyace shi. A Ingila abin ba haka yake ba. Doka ta ce a yi rajistar mutuwa cikin kwana biyar. In ba a tabbatar da abin da ya kashe mutum ba, gawar tana hannun jami'in binciken dalilin mutuwa har sai ya sake ta. Jana'iza takan kai mako biyu ko uku kafin a yi ta, kamfani ne yake shirya ta, yawancin mutanen ƙasar kuma ƙone gawa suke zaɓa. A wurin aiki akan ba mutum 'yan kwanaki, sau da yawa uku zuwa biyar, gwargwadon ganin damar mai aikin. Sai a Afrilun 2020 doka ta ba iyayen da suka rasa yaro ɗan ƙasa da shekara 18 hutun mako biyu. Ban faɗi wannan domin in zargi Turawa da rashin tausayi ba. Suna jin zafin rashi kamar kowa, sai dai a ɓoye suke ɗaukarsa, suna kuma ganin ladabi ne a bar mai makoki ya kaɗaita. Abin da yake ladabi a wurinsu, a wurinmu yashewa ne.

Saboda haka kowace al'umma ta yi ƙoƙarin riƙe abin da ta zo da shi. 'Yan Jamaika suna da taron dare na tara, inda dangi da abokai suke cika gidan mamaci da waƙoƙin sujada da abinci da labaransa. A makabarta ba sa barin ma'aikata su rufe kabari. Maza sukan tuɓe kwat, su karɓi shebur hannu da hannu, mata suna waƙa, har ƙasa ta cika ta yi tudu, a lulluɓe ta da furanni. 'Yan Gana sukan taru bayan mako guda da rasuwa, a nan ake sanar da ranar jana'iza. Musulmi 'yan Pakistan suna fafutukar a sake musu gawa da wuri domin su yi mata wanka da sutura da salla, su binne ba jinkiri. Da yawansu suna da asusun mutuwa, kowane gida yana zuba kuɗi shekara shekara, domin ranar da abin ya faɗo wa wani kada ya yi bara. Mabiya Hindu sukan yi zaman kwana 13, su kai tokar mamaci kogin Ganjis in da hali, in babu su zuba a wani kogi na Ingila inda aka yarda. Mabiya Sikh sukan karance littafinsu daga farko zuwa ƙarshe saboda mamaci, su ciyar da duk wanda ya zo. Kalmomin da ake faɗa sun bambanta, begen da ake riƙe da shi ma ya bambanta. Amma abu biyu ba su taɓa ɓacewa ba a ko'ina na duba: mutane, da lokaci.

Waɗannan biyun ne annobar korona ta ƙwace. Ranar 23 ga Maris 2020 aka rufe ƙasar. Likitoci huɗu na farko da aka ba da labarin cutar ta kashe a Birtaniya duka baƙi ne: biyu 'yan asalin Sudan, ɗaya ɗan Pakistan, ɗaya kuma namu ne, Dakta Alfa Sa'adu ɗan asalin Patigi. A watan Yuni na shekarar hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta fitar da rahoto cewa cikin waɗanda suka kamu, haɗarin mutuwa ga 'yan asalin Bangladesh ya kai kusan ninki biyu na Turawan ƙasar, na baƙaƙen fata ma ya fi na Turawa. Ba abin mamaki ba ne. Mutanenmu ne direbobin bas da tasi, masu jinya, masu gadi, masu shara a asibiti, waɗanda aikinsu ba ya yiwuwa daga ɗaki, da yawa kuma kaka da jika a gida ɗaya suke kwana. Al'ummomin da suka fi kowa yawan gawa su ne kuma suka fi kowa dogara ga taro, taron kuwa aka hana. Da fari dangi na kusa kaɗai ake bari a jana'iza, daga baya aka ƙayyade mutum 30, ba a ɗage wannan iyaka ba sai a watan Mayun 2021.

A cikin watannin nan na binne wani dattijon ikkilisiyarmu, direban bas, mutumin da a lokacin lafiya majami'a ba za ta ɗauki masu zuwa jana'izarsa ba. Mu goma muka tsaya, kowa nesa da kowa, fuska a rufe. Wani yaro ya ɗaga waya domin 'yan'uwansa a gida su gani. Da aka gama, matarsa ta koma gida ita kaɗai. Bayan wata takwas ta ce mini, "Baba Fasto, har yau ban yi kuka ba. Wa zan yi wa? Bango?" Ta ƙara da cewa abin da ya riƙe ta a makonnin farko shi ne maƙwabciyarta, wata tsohuwa 'yar Pakistan wadda Turancinta bai taka kara ya karya ba. Kowace yamma takan ajiye kwanon shinkafa a bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa, ta ja da baya zuwa bakin titi, ta ɗora hannu a ƙirji, ta tsaya shiru na ɗan lokaci kafin ta tafi. Kwana 40 tana haka. Matar nan ba ta san Almasihu yadda muka san shi ba, amma ta san abin da Manzo Bulus ya umarci Romawa a sura 12, cewa hawayen ɗan'uwa ba nasa ba ne shi kaɗai. Da aka buɗe ƙasa, ikkilisiya ta shirya wa dattijon nan sujadar tunawa, majami'a ta cika. A ranar ne gwauruwar ta yi kukanta, shekara guda da 'yan watanni bayan rasuwar. Makokin da aka hana shi fita ba ya mutuwa. Yana nan yana jiran ranar da zai sami mutane.

Akwai kuma tambayar da take raba gidaje, wadda ɗan gari bai san ta ba: ina za a binne? Na zauna a tsakiyar iyalai da yawa a kan wannan. Dangi a gida suna waya dare da rana cewa a kawo musu ɗansu ya kwanta kusa da iyayensa. 'Ya'yan da aka haifa a Ingila suna cewa in an kai shi can, kabarin wa za su riƙa ziyarta? Kai gawa gida kuwa fam dubbai yake ci, ga takardu, ga jira. Na ga gwauruwa ta ci bashin da ta yi shekaru tana biya domin kada a ce ta yar da mijinta a ƙasar sanyi. Maƙwabtanmu 'yan Asiya ma suna wannan muhawara, kuma a hankali sassan Musulmi a makabartun birnin suna cika, domin inda jikoki suke, nan gida yake komawa.

Littafi Mai Tsarki bai yanke wa kowa hukunci a nan ba, wannan kuwa ta'aziyya ce babba. Yakubu ya yi shekara 17 a Masar, ya rantsar da Yusufu cewa a mai da shi Kan'ana, aka kuwa yi haka da babban ayari. Yusufu kansa an sa shi a akwati a Masar, ƙasusuwansa suka jira tsara bayan tsara har Musa ya ɗauke su, a ƙarshe aka binne su a Shekem. Ibrahim kuwa bai mai da Saratu Haran ko Ur inda suka fito ba. Ya binne ta inda Allah ya kai su. Wanda ya koma da wanda ya tsaya, dukansu cikin bangaskiya suka yi. Ƙasar Ingila ta Ubangiji ce kamar yadda ƙasar Filato take tasa, ranar tashin matattu kuma ba kabarin da zai yi wa muryarsa nisa. Saboda haka ina roƙon iyaye da 'yan'uwa da suke gida: in Allah ya ɗauki naku a baƙuwar ƙasa, kada ku ɗora wa gwauruwa da marayu nauyin da ya fi ƙarfinsu. Ku fara tambayarsu yadda suka kwana kafin ku tambaye su yaushe gawa za ta iso.

Sauran magana tamu ce, mu masu bi. Muna da kalma mai kyau, haƙuri, amma wani lokaci mukan mai da ita marufi. Mukan ce wa mai kuka ya yi shiru domin mamaci yana wurin Ubangiji, sai ka ce hawaye shaidar rashin bangaskiya ne. A baƙuwar ƙasa wannan ya fi tsanani, domin waje yana ce wa mutum ya koma aiki, majami'a kuma tana ce masa ya yi murna, ya rasa inda zai ajiye baƙin cikinsa. Maza suka fi shan wannan, da matasan da suka tashi tsakanin al'adu biyu, ba su iya makokin iyayensu ba, na Turawa kuma bai ishe su ba. Amma Ubangijinmu ya san zai ta da Li'azaru cikin ɗan lokaci, duk da haka ya tsaya a Betanya ya zub da hawaye. Masu tsoron Allah da suka binne Istifanas sun yi masa makoki mai zafi, ba a kuwa tsauta musu ba. Abin da Bulus ya hana Tasalonikawa shi ne baƙin ciki marar bege. Bai hana su baƙin ciki ba. Abokan Ayuba uku sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna tare da shi a ƙasa ba wanda ya ce uffan. Ranar da suka buɗe baki suna neman bayyana masa dalilin wahalarsa, ranar suka fara yi masa rauni.

Zumunta a ƙafa take. Inda babu dangi, ikkilisiya ce dangi, ba kuwa a ranar jana'iza kaɗai ba. A majami'armu yanzu in an yi rashi, akan raba kwanaki tsakanin gidaje har wata uku: wannan ya kai abinci, wancan ya raka gwauruwa ofishin rajista, wani ya je ya zauna kawai. Muna rubuta ranar rasuwa domin mu koma bayan shekara. Mun buɗe asusun jana'iza, daga maƙwabtanmu muka koyi wannan. In kuma rashin a gidan maƙwabci Musulmi ne ko Hindu ko Sikh, mukan je, mu tuɓe takalma, mu zauna inda aka nuna mana. Ba wa'azi ya kai mu ba. In an tambaye mu dalilin begenmu, za mu faɗa da tawali'u. Kai ma, ɗan'uwa, duba unguwarku. Akwai baƙon da aiki ko karatu ko gudun hijira ya kawo, wanda in an yi masa rasuwa ba mai shimfiɗa masa tabarma. Kai ne Allah ya ajiye kusa da shi.

Ya Uba na dukan ta'aziyya, kai da ka ga hawayen Ibrahim a Hebron, ka dubi bayinka da suke makoki nesa da gida. Ka ba su mutanen da za su zauna tare da su. Ka ba mu ƙafafun zuwa, da haƙurin zama, da hikimar yin shiru. Ka riƙe mu cikin begen tashin matattu, har ranar da za ka tattara baƙinka daga kowace ƙasa zuwa gida ɗaya. A cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.