Bayan Umdurman, Wane Gari Za Mu Nufa?



Mu Hausawan Sudan ne, haifaffun Umdurman, garin da ke kallon Khartum daga yammacin kogin Nilu. Kakanmu ya taso daga ƙasar Damagaram da ƙafa da niyyar aikin hajji, ya bi ta Abeshe da Jinaina da Fashir da Ubayyid, guzuri ya ƙare masa a bakin kogi, sai ya tsaya neman na gaba. Irinsa suna da yawa. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, jama'a sun yi ta kwararowa gabas, har ɗansa Muhammadu Bello ya kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, wasu suka tsaya ƙwadago. Tsofaffinmu sun rasu suna cewa a kan hanya suke, Sudan zango ce. Mu kuwa gida muka ɗauke ta: a nan muka yi karatu, muka yi kasuwa, har tsirenmu na agashe ya zama abincin kowane ɗan ƙasa.

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF. Muka rufe gida muka koma Wad Madani. A watan Disamba na shekarar ita ma ta faɗi, muka zarce Bur Sudan, a gaɓar Bahar Maliya, mu goma sha ɗaya cikin ɗakuna biyu na haya. A nan ne tambayar da kakanmu ya bari ta dawo mana: ina ne zango na gaba?

Mahaifiyarmu Jidda ta ambata, kuma ba wanda ya yi mamaki. Ruwa kaɗai ya raba mu da ita, mun kuma ga jiragen da suka yi ta kwashe mutane zuwa can a makonnin farko na yaƙin. Zama kusa da Makka shi ne burin da ya fito da zuriyarmu daga gida. Amma zaman Saudiyya yana rataye ne a wuyan aikin mutum guda. Takardar zama tana bin aiki, tun 2017 kuma baƙon ma'aikaci yana biyan kuɗi kowane wata a kan kowane mutum da yake riƙo. Ran da aikin ya ƙare, zaman gidan duka ya ƙare, yaron da aka haifa a can kuwa ba ya zama ɗan ƙasa don haihuwar.

Samarinmu Paris da Landan suke kallo a wayoyinsu. Ba mu yi musu dariya ba, domin shekara biyu ba karatu ba sana'a tana cin ran saurayi. Sai dai wanda ba shi da biza hanyarsa ta Libiya ce, sannan kwalekwale a kan teku, kuma a unguwarmu kaɗai mun san gidajen da har yau ba su ji ɗuriyar 'ya'yansu ba. Ko an isa lafiya, mutum ɗaya ne ya isa, saura goma.

Kano da Yamai sun fi ɗaukar mana lokaci, domin a nan zuciya ta shiga. Kullum muna jin sunayen waɗannan garuruwa a bakin tsofaffi kamar jiya suka baro su. Da muka zauna muka yi lissafi, sai muka ga fasfo ɗinmu na Sudan ne, dangin da muka sani a Damagaram suna ne kawai ya rage. Yaranmu da Larabci suka yi karatu tun daga ajin farko. A Kano Turancin Ingila za a nema a wurinsu, a Yamai kuma mafi yawan karatun boko da Faransanci yake. Hausarmu ma ta sha Larabci. A Sudan ana ce mana Fallata ko Takari, a Kano kuwa 'yan Sudan za a kira mu. Mun yi imani za a karɓe mu hannu bibbiyu, amma yarinyar da ta kusa jarrabawar gama sakandare ita za ta biya kuɗin wannan komawa da shekarunta.

Saura Alƙahira. Ita ma ba ta da sauƙi: tun Yunin 2023 Masar ta wajabta biza ga kowane ɗan Sudan, har mata da yara da tsofaffi waɗanda a da ba a nema musu, kuɗin haya ya hau a unguwanni irin su Faisal inda mutanenmu suka taru, takardar zama kuma sai an yi ta sabuntawa. Amma harshen makaranta shi ne wanda yaranmu suka sani, akwai asibitocin da mahaifiyarmu take bukata, akwai maƙwabtanmu na Umdurman da suka riga mu, waɗanda za su nuna mana ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Kuma hanyar komawa a buɗe take ta ƙasa, ta Aswan da Wadi Halfa.

Abin da ya raba gardama shi ne yadda fatake da alhazan da suke zaɓen zango. Ba su duba girman gari. Sukan duba ko raƙumin da ya fi gajiya zai iya kaiwa, ko akwai mai masauki, ko kuma za a iya tashi in lokaci ya yi. Kowane gari yana da farashi, kuma yawanci mafi rauni a gida ne yake biya. Don haka muka daina tambayar wane gari ya fi, muka koma tambayar wane gari tsohuwa da ƙananan yara za su iya ɗauka.

Bayan shawara da istihara, muka tsayar da Alƙahira, na shekara biyu, har 'yan makaranta su kammala. A Maris 2025 sojoji sun ƙwace Khartum, mutane suka fara komawa, ko da yake a watan Mayu na shekarar cutar kwalara da rashin wuta da ruwa sun wahalar da waɗanda suka yi sammako. Biyu daga cikin mazanmu sun koma Umdurman su gyara rufi su sa ƙofofi, domin kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Kaburburan iyayenmu ma suna can.

Duk gidan da Allah ya jarraba da irin wannan zaɓi, muna ba shi shawara ya zaunar da kowa, har matan gida da yara, ya rubuta abin da kowane gari zai ci na takarda da haya da makaranta, ya kuma tambayi wanda ya zauna can, ba wanda ya je ziyara ba. Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya, ya mai da kowa ɗakinsa. Amin.