Tsakanin Filin Jirgin Katsina Da Na Kano

Yau kan kaina zan ba ku labari, ko da yake da kunya, don kada abin da ya same ni ya sami wata.

Mu mutanen Daura, Allah ya ajiye mu tsakanin filayen jirgin sama biyu. Na Katsina, wanda aka sa wa sunan marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, yana wajen kilomita 80 daga gare mu ta hanyar Mashi. Na Kano kuwa, mai sunan Malam Aminu Kano, ya ɗara kilomita 130 ta Kazaure da Dambatta. Shi ne babba, shi ne kuma tsoho, gama tun 1925 jirgin sama ya fara sauka Kano.

To, innarmu ta tafi Umra. Da komowarta ta kusa, wana ya aiko mini da takardar jirginta ta waya, ya ce tun da ni ce malamar gida, in duba in shirya taryarta. Na duba rana, na duba sa'a, ban duba gari ba. Da ma sa'ad da ta yi Hajji a Katsina ta sauka, sai na ɗauka haka za a yi kullum.

Ran nan muka yi sammako daga unguwarmu ta Kusugu, mota cike da yara da kwanonin tuwo. Muka isa Katsina, muka yi ta zuba ido, shiru. Sai wani ma'aikaci ya karɓi takardar ya duba, ya ce, "Ai Malama, Kano aka rubuta nan." Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Don in rufe kunyata na ce, ai Kano kusa ne. Haka nake koya wa yara a aji: a miƙe ta sama tsakanin filayen nan biyu kamar kilomita 140 ne, jirgi ba ya cika rabin sa'a. Direbanmu ya yi dariya, ya ce, "Malama, motata ba ta da fiffike." Gaskiyarsa. Ta ƙasa sai an bi Kankiya da Tsanyawa da Bichi, wajen kilomita 170, muka share kusan sa'a 3, ga cunkoson birnin Kano. Da mun miƙe daga Daura tun farko, da sa'a 2 da 'yan kai sun kai mu.

Muka iske Inna zaune kan jakarta, ta rungume jarkar Zamzam, wayarta ba caji, ƙafafunta sun kumbura. Tsohuwar da jirgi ya ɗauko daga Jidda cikin 'yan sa'o'i, ga ta 'yarta mai ilmi ta bar ta a tsugune har la'asar sakaliya. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Uwata, karatun naku ba ya kaiwa ƙarshen takarda?"

Ku 'yan makaranta, in an ba ku takarda ku karanta wa iyayenku, ku karanta har ƙarshe, gama amana ce aka ba ku. Ku kuma matan gida, in za ku tari baƙo, ku tambayi filin da zai sauka, sa'an nan ku ƙidaya sa'o'in hanyar da ƙafarku za ta bi, ba ta tsuntsu ba.

Allah ya tsare mu da gaggawa, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.