Daga Mayo Gwoi Zuwa Gindin Duwatsu: Lafiya A Kan Hanyar Burji

 A wannan makon za mu ɗan fita shan iska zuwa Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, kuma a kan keke za mu yi tafiyar.

Duk wanda ya san Jalingo ya san unguwar Mayo Gwoi. Sunan rafi ne ya koma sunan unguwa, domin "mayo" da Fulatanci kogi ke nan. Rafin yana ratsa gari ya haɗu da kogin Lamurde, wanda ya gangaro daga duwatsun Yorro ya nufi Binuwai. Da rani yashi ne shimfiɗe, masu lambu na ban ruwa a gefe, masu wanki na shanya. Da damina kuwa sai ya cika ya batse, har mutanen bakinsa su riƙa kwana da ido ɗaya. Manyan gari ba su manta da ambaliyar watan Agustan 2005 ba, wadda ta karya gadar Nukkai ta ci rayuka.

Abin da Allah Ya ba wannan gari shi ne duwatsu a kusa da shi. Daga Mayo Gwoi ba sai ka yi nisa ba gidaje za su fara raguwa. Kana sauka daga kwalta ka hau burji, jar ƙasa da tsakuwa, gonaki dama da hagu, duwatsu na hango ka.

Irin wannan hanya Turawa ke biyan maƙudan kuɗi su je su hau. A kwaruruwan tsaunukan Alps, a Siwizalan da Italiya da Ostiriya, tuƙa keke a hanyar tsakuwa ya zama babbar harkar yawon buɗe ido. An yi wa hanyoyin alamomi da taswira, an ƙera kekuna na musamman masu faɗin taya, har a 2022 aka yi gasar duniya ta farko ta wannan wasa a Italiya. Abin da suke nema shi ne hanya marar motoci, iska mai kyau, da hawa da gangara. Mu kuwa ga shi a bayan gidanmu, amma da zarar magidanci ya hau keke sai a fara raɗe-raɗin ko karayar arziki ce ta same shi.

Wannan kallo yana cutar da mu. Kakanninmu da Raleigh suka ci kasuwannin ƙauye. Mu jikokinsu daga gado sai Keke Napep, daga nan sai kujerar ofis ko bencin shago, da dare a ci tuwo a kwanta. Sakamakon muna ganin sa kullum a kantin magani: masu shekara arba'in, wasu ma ba su kai ba, riƙe da takardar maganin hawan jini da ciwon suga, ga farashin magani ya yi tashin gwauron zabo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar baligi ya motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, yara kuma awa guda kullum. Minti talatin sau biyar a mako ya kai mutum matakin farko. Keke ya fi gudu sauƙi ga mai ƙiba, domin sirdi ne ke ɗaukar nauyin, gwiwa ta huta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma, aljihu ma ya shiga cikin masu gode wa keke.

Hanyoyi uku, gwargwadon ƙarfi

Mai farawa ya tsaya a hanyoyin lambu da ke bin gaɓar rafi. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, sai dai yashi yana kama taya a wasu wuraren. Idan ya kama, a sauka a tura, babu abin kunya. Bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga, minti ashirin zuwa talatin ya isa. Nan ne wurin fita da yara ranar Asabar.

Wanda ya yi wata guda yana haka zai iya nufar Kona, tsohon garin Jukunawa da ke gindin dutse a arewacin Jalingo, ko ya yi gabas wajen Yorro, ƙasar Mumuye. A nan hanya take fara hawa da sauka, ka ratsa gonakin doya da kunyoyinsu jere reras, ka yi kiciɓis da mata ɗauke da itace, da Fulani na kora shanu. Hawan ne ke sa zuciya aiki, amma a gangara ake faɗuwa, domin tsakuwa tana zame taya. A matsa birkin baya a hankali, kada a danne na gaba lokaci guda.

Ta uku sai wanda ya ƙware: tsaunin Mambila. Daga Jalingo a mota ake bi ta Bali da Serti, mashigar gandun dajin Gashaka Gumti, zuwa Mayo Selbe, inda hanya ke murɗawa ta hau sama. A can sama, a tsayin kusan mita 1,600, akwai Nguroje da Gembu da gonar shayi ta Kakara, ga ciyawa kore shar, ga sanyi, ga hazo da safe. A ɗora keken a mota, a kwana ɗaya jiki ya saba da wurin, sannan a hau. Iskar can ba ta kai ta ƙasa kauri ba, shi ya sa haki ke zuwa da wuri.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Janairu. A Maris da Afrilu zafin Jalingo kan kai digiri 40, da damina kuma burji kan zama taɓo. Kada a tsallaka rafi bayan ruwan sama ko da a gari ba a yi ba, domin ruwan dutse ba ya sallama.

Kafin a ɗora ƙafa a feda

Mai hawan jini ya auna jininsa, ya shaida wa likitansa, kuma kada ya ajiye magani don ya fara hawa keke. Likita ne zai rage idan awo ya nuna. Masu shan maganin da ke sa yawan fitsari sun fi saurin bushewa a rana. Masu shan atenolol kuwa zuciyarsu ba ta saurin bugawa ko da sun gaji, don haka su auna kansu da magana: idan ba ka iya haɗa jimla kana tuƙi, sassauta. Ciwon ƙirji ko jiri kuwa, a tsaya nan take a nemi asibiti.

Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan glibenclamide kada ya fita da yunwa. Ya sa dabino ko suga a aljihu. Rawar jiki, zufa mai sanyi da ganin duhu alamun faɗuwar suga ne. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa, musamman da hunturu.

A tafi da ruwa isasshe da ledar gishiri da suga ta ORS. A guji haɗiye diclofenac ko ibuprofen kafin fita wai don kada jiki ya yi ciwo, domin idan suka haɗu da ƙarancin ruwa ƙoda ce ke shan wahala. Tiramol kuwa ba ƙarfi yake ƙarawa ba, ɓoye gajiya yake yi har jiki ya lalace.

Kada a bar yara su yi wanka a kududdufin bakin hanya, nan ake ɗaukar tsargiya. Kwarin Binuwai kuma ƙasar kububuwa ce, a sa takalmi rufaffe. Idan tsautsayi ya faru kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau, a garzaya asibiti. Wanda ya ƙuje a tsakuwa ya wanke da sabulu da ruwa, ya bincika ko allurarsa ta tetanus na nan. Hular kwano wajibi ce ga babba da yaro, sai famfo da kayan faci.

Batun tsaro kuma ba a wasa da shi. A fita cikin ayari, a tambayi mutanen gari halin da hanya take ciki, a faɗa wa na gida inda aka nufa, a dawo kafin la'asar sakaliya.

'Yan'uwana mata, mu ne muka fi kowa zaman wuri ɗaya, kuma ƙiba da ciwon gwiwa ba sa ƙyale mu. Wadda maigidanta ya amince, ta sa wando a ƙarƙashin doguwar riga, ta tattare gefen hijabi kada sarƙa ta kama, su fita tare da sassafe. Wadda hakan bai yi mata ba, ta taka da ƙafa tana bin yara suna tuƙawa, ita ma ta samu rabonta.

Ba sai an sayi keken miliyan ba. Tsohon da ke jingine a zaure, a kai wa mai gyara ya duba birki da taya, a fara da minti ashirin ranar Asabar mai zuwa. Bayan wata uku a sake auna jini da suga, a kwatanta da na yau.