Kurmin Okomu da Masu Cin Uwar Kuɗi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, domin in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wani kurmi da na ziyarta a ƙasar Benin, cikin Jihar Edo, ana ce da shi Okomu. Kakanninmu da azarar giginya su ke rufin soro, amma mu yau kwano mu ke bugawa, kwano kuwa ba ya zama sai bisa katako, katakon nan kuma yawancinsa daga kurmin Kudu ya ke zuwa mana. Saboda haka ya kamata mu san inda ya fito, da halin da wurin ke ciki.

In mutum ya bar birnin Benin ya nufi yamma, sai ya isa wani gari wai shi Udo. Daga nan zai yi ta keta gonakin kwakwar manja da na roba, an jera su sahu-sahu kamar soja a filin fareti, sa'an nan ya tarad da kurmin ya tsaya masa a gaba kamar ganuwa. Da na shiga, ko da ya ke rana na tsaka, sai na ga kamar almuru ta yi, gama ganye ya haɗe a sama ya tare hasken. Iska ba ta motsi, gumi kuwa sai ka ce an kwara wa mutum ruwa. Ruwan da ke sauka a nan cikin shekara ya fi ninki biyu na wanda Kano ke samu.

Itatuwan hawa-hawa su ke kamar bene. Akwai gajeru masu jure inuwa, akwai matsakaita waɗanda su ka yi rumfa, sa'an nan ga ƙatti da su ka huda rumfar su ka wuce: rimi, da loko, da wani ɗan'uwan maɗacinmu wanda Turawa ke kira mahogani. Gindin rimin ya buɗe kamar bangaye, har mutum uku su laɓe a tsakani ba a gan su ba. Igiyoyin kurmi masu kaurin cinya sun sauko daga bisa. Akwai giwar kurmi, wadda ba ta kai ta sarari girma ba, da ɓauna, da aku, da wani biri mai farin maƙogwaro wanda ba a samunsa ko'ina a duniya sai a wannan yanki na Afirka ta Yamma.

Mai ganin girman itatuwan zai zaci ƙasar ta fi fadama albarka. Na tone da sanda, ban wuce taƙi ɗaya ba sai ga rairayi. Ashe dukiyar kurmi a jikin itatuwan ta ke. Ganye ya faɗo, gara da naman kaza su cinye shi cikin 'yan watanni, saiwoyi su tsotse takin nan da nan, ya koma sama. In an sare itatuwan an ƙone, sai a sami amfani mai kyau shekara biyu ko uku, daga nan ruwa ya wanke takin, ƙasa ta gaji. Dabbobin ma manoma ne a wurin, gama giwa da biri da tsuntsu su ke cin 'ya'yan itace su kai ƙwallon nesa su shuka da kashinsu. Wanda ya kashe giwa ya kashe itatuwan da ba su tsiro ba tukuna.

Tun 1912 a ka keɓe wannan daji ya zama gandun Gwamnati, a 1935 a ka ƙara faɗinsa har ya kai murabba'in kilomita 1,082. A wancan zamani, daga dazuzzukan Benin a kan sare gumagumai a ɗaure su a kora su ta rafi zuwa Safele, inda a ke yanka su ko a ɗora a jirgin ruwa zuwa Ingila. Har yau akwai wani katako da duniya ta sani da sunan garin nan. Ma'aikatan daji na zamanin sun tsaga gandun gida-gida, kowane gida mil ɗaya tsawo mil ɗaya faɗi, su ka ƙa'ide cewa in an yi sara a wuri, ba za a koma masa ba sai bayan shekara 100, kuma ba a taɓa itace sai kaurinsa ya kai awo. Ba duk dabarunsu ne su ka yi kyau ba. A 1944 su ka soma yanke igiyoyi da sa wa itatuwan da ba su da kasuwa guba, wai don 'ya'yan mahogani su sami haske, amma ribar ba ta biya wahalar ba, a ka bari. Sai dai lissafin shekara 100 ɗin nan gaskiya ne, domin kusan haka babban itace ke ɗauka kafin ya ƙosa.

Ni akawu ne, abin da na sani shi ne littafin shiga da fita. Kurmi uwar kuɗi ne, girman da itatuwa ke ƙarawa kowace shekara shi ne riba. Mai cin riba kaɗai, jikansa ma zai ci. To, daga baya sai a ka rage shekarun nan zuwa 50, a ka kuma sake ragewa, watau an sa hannu a cikin uwar kuɗi ke nan. Zarto mai inji ya zo, aikin da gatari ke yi kwana da kwanaki ya koma na sa'a guda. A 1976 a ka hana fitar da gumagumai zuwa ƙasashen waje, a shekarar kuma Gwamnati ta kafa gonar kwakwa a cikin gandun. Gonakin roba da koko da rogo su ka ci nasu rabon. Abin da a ka tsare sosai a ka mai da shi gandun ƙasa a 1999 bai wuce murabba'in kilomita 200 da 'yan kai ba, wajen kashi ɗaya cikin biyar, shi ma masu gadinsa suna fama da ɓarayin katako.

Amma kada mai karatu ya fid da zuciya. Masana sun tone ƙarƙashin kurmin nan sun sami gawayi da katangar tukwane, alamar cewa shekaru ɗaruruwa da su ka wuce mutane sun zauna sun yi noma a wurin, da su ka tashi daji ya komo. Kurmi ya kan warke in an ba shi lokaci, in kuma an bar masa iyayen iri da dabbobin da ke yaɗa shi.

Shawarata ga hukuma ita ce a komo da dogon lissafi, a tsare awon kauri, a bar manyan itatuwa masu ba da iri a kowane gida. Malaina da sauran itatuwa masu saurin girma a dasa su a inda a ka riga a ka share, kada a share sabon kurmi dominsu. Tun 1927 a ka gwada a Sapoba, nan ƙasar Benin, a ba manomi fili ya shuka abinci tare da dashen Gwamnati har itacen ya rufe, dabarar da a ka kawo daga Bama. Tana aiki muddin ana dasawar da gaske. Mutanen ƙauyukan gefen daji kuma a ba su rabo bayyananne, gama wanda ke da kaso a rumbu ba ya barin ɓera ya shiga.

Mu kuwa na Arewa, masu sayen katako da kafintoci da masu gini, mu rage ɓarna, mu dasa maɗaci da giginya da darbejiya a ƙasarmu, ko da ba mu za mu sare su ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya ba shugabanninmu ikon tsare amana, amin. Haza wassalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Benin.