Wa Ya Ƙirga Mu Kafin a Yi Shara?

A watan Oktoba na 2024 masu kula da Python, ɗaya daga cikin harsunan da ake rubuta manhajar kwamfuta da su, suka yi shara a gidansu. Da suka fitar da Python 3.13, sai suka cire tsofaffin kayan aiki guda 19 da a da suke zuwa tare da harshen, waɗanda suka yi wa laƙabi da matattun batura. Tun 2019 aka kawo shawarar. Hujjarsu ita ce kayan sun tsufa, masu amfani da su kaɗan ne, kuma babu mai kula da su.

Za ku ce ina ruwan mai gabatar da shirin rediyo a Zangon Kumasi da wannan? Cikin abin da aka share akwai audioop, wanda aikinsa sarrafa sauti ne. A tasharmu, mutane daga Aboabo da Asawase kan kawo mana tsofaffin kaset na tafsiri da wa'azin malaman da suka rasu, mu juye su a kwamfuta. Wani matashi da ke taimaka mana ya rubuta 'yar manhaja da ke yanka sautin, ta daidaita ƙararsa, yadda za a iya turawa ta WhatsApp. Ya gina ta a kan pydub, shi kuwa pydub da audioop ya jingina. Ashe muryoyin malamanmu suna rataye da batir ɗin da aka ce ya mutu.

Ban ga laifin masu sharar ba. Yawancinsu aikin sa kai suke yi, kuma duk tsohon kayan da aka bari sai an riƙa gwada shi, ana toshe ɓarakarsa, shekara da shekaru. Wanda ya taɓa zama gidan haya a Zango ya san ɗakin da aka cika da tarkacen da ba mai taɓawa, ba kuma mai yarda a zubar, alhali yara na kwana a tsakar gida.

Abin da ke damuna shi ne kalmar “kaɗan”. Wa ake ƙirgawa? Wanda ya saka aikinsa a intanet, yake muhawara da Turanci. Kwamfutar da ke kusurwar ɗakin shirye-shiryenmu ba ta cikin lissafin kowa. Shirunmu ba ya nufin ba ma amfani da abin, ba mu san inda ake tambaya ba ne.

Abu biyu suka cece mu. Na farko, tun Python 3.11 a 2022 aka fara gargaɗi, matashin namu kuwa ya gani da wuri. Na biyu, ba a ƙone kayan ba: wasu sun ɗauki audioop suka ajiye shi daban da sunan audioop-lts, mai so ya sauke.

Don haka ni ina tare da masu cewa a cire, amma da sharaɗi: a yi shela da wuri, a kuma bar kayan a bakin ƙofa inda mai bukata zai ɗauka. Tsohuwar zuma da ita ake magani, sai dai wani ne zai riƙa duba tulun. Mu ma da namu aikin. Tasha nawa ce, makarantar Islamiyya nawa ce ke dogaro da manhajar da yaro ɗaya ya rubuta, ya tafi Accra neman aiki, ba wanda ya san abin da ke cikinta? Mu sa a rubuta a takarda me ta jingina da shi, mu koya wa mutum na biyu, mu kuma adana kaset ɗin asali a inda laima ba za ta kai ba.