Daga Kasuwar Jibiya Zuwa Hasumiyar Gobarau: Tafiyar Da Ya Kamata Ki Yi Da Yara

Bari in fara da tambaya. Sau nawa kika bi hanyar Jibiya, ko zuwa biki Maraɗi, ko gaisuwar rasuwa wurin dangi, ko sayen aya da dabino, kika dawo gida ba ki da labarin da za ki ba yaranki sai na tsadar kaya da yawan shingayen hanya? Yawancinmu haka muke yi. Mu shiga mota, mu rufe fuska da mayafi saboda ƙura, mu yi ta gyangyaɗi har a ce an iso.

A ƙasar Ingila akwai wani ɗan gari da ake kira Sitaratfod. Asalinsa garin kasuwa ne, domin tun 1196 sarkinsu ya ba da izinin a riƙa cin kasuwa a wurin mako-mako. A nan aka haifi mashahurin marubucinsu Shekisfiya a 1564. Har gobe mutane na tasowa daga ƙasashe masu nisa, su biya kuɗi don su shiga gidan da aka haife shi, malamai kuma su kwaso 'yan makaranta mota-mota su kai su. Yaron da aka kai ya ga wurin da idonsa ba ya ƙara ɗaukar littafin a matsayin wahalar jarrabawa kawai.

To, mu ma muna da hanya irin wannan, inda kasuwa da littafi suka daɗe suna tafiya tare. Ita ce hanyar da ta taso daga Maraɗi, ta ratsa Jibiya, ta shiga birnin Katsina. Zo mu bi ta tare, ki ga abin da za ki nuna wa yara.

Ranar Lahadi a Jibiya

Ki zaɓi ranar Lahadi, domin ita ce ranar kasuwar Jibiya. Daga Katsina tafiyar kilomita 45 ce ko kusa da haka, saboda haka in kin fito bayan karin kumallo za ki iso kafin rana ta yi zafi. Ki fara da ɓangaren hatsi, inda buhunan gero da dawa da masara da wake suke jibge, masu awo na ta kai da kawo da tiya a hannu. Daga nan ki ja yara zuwa kara, wato wurin dabbobi, su ga raguna da awaki da shanun da ake korowa daga Nijar, su ji yadda dillali yake shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa har a kai ga "sallama". Yaron birni da yawa bai taɓa ganin yadda ake cinikin ragon layyar da ake yankawa a gidansu ba.

Ki tsaya kuma wurin 'yan canji. Kuɗi iri biyu ne suke yawo a wannan yanki, naira da sefa. Mutanen Nijar da dala suke lissafi, dala ɗaya sefa 5 ce, jika ɗaya kuwa sefa 1,000. Ki sa babbar 'yarki ta lissafa miki dala nawa ce a jika. In ta ce 200, ki saya mata dabino.

Sannan ki buɗe kunne. Za ki ji ana cewa "ɗiya" inda Bakano zai ce "'ya", ana cewa "tahi" maimakon "tafi". Za ki ji baƙi daga tsallake suna kiran makarantar boko "lakwal", suna kiran kwastan "duwan", kalmomin da suka aro daga Faransanci kamar yadda muka aro namu daga Ingilishi. Ki nuna wa yara cewa duk Hausa ce, kada su yi wa kowa dariya. Wanda ya saba jin karin harshen wasu tun yana ƙarami ba ya raina mutane idan ya girma.

Kafin ki bar garin, in akwai hali, ku leƙa madatsar ruwan Jibiya da aka kammala a farkon shekarun 1990 a kan kogin Gada, wadda manoman rani ke amfana da ita. Wannan kogi idan ya tsallaka cikin Nijar shi ne ake kira Gulbin Maraɗi. Ruwa ɗaya ne, suna biyu, kuma ba ya tsayawa a duba masa takarda.

A bakin iyaka

Gaba kaɗan da garin sai Magama, inda ofisoshin kwastan da na jami'an shige da fice suke. Daga nan in aka wuce sai Ɗan Isa, ta ɓangaren Nijar, sai hanya ta miƙe zuwa Maraɗi. Ko ba ki da niyyar tsallakawa, ki nuna wa yara wajen da hanyar ta nufa, ki ba su labarin da ba kowane malami yake bayarwa a aji ba.

Ki gaya musu cewa a 1807 mayaƙan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, cikinsu har da Malam Ummarun Dallaje, suka ci birnin Katsina. Tsohon gidan sarautar ya yi arewa, bayan 'yan shekaru Ɗan Kasawa ya kafa sabuwar fada a Maraɗi. Shi ya sa har yau ake ce wa mai sarautar can Sarkin Katsinan Maraɗi. An daɗe ana gwabzawa tsakanin gidajen biyu, amma auratayya da fatauci ba su yanke ba. Sai daga baya Turawan Ingila da na Faransa suka zauna a ƙasashensu, suka ja layi a takarda cikin yarjejeniyoyin 1904 da 1906, wa ya faɗa Nijeriya, ƙane ya faɗa Nijar.

Wannan layi ba wasa ba ne a rayuwar mutanen Jibiya. Daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020 gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar a watan Yuli na 2023 aka sake rufewa, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. Duk lokacin da aka rufe, mai tura baro da mai tuyar ƙosai a bakin tasha su ne suke fara ji a jikinsu, sai uwar da ɗiyarta ke aure a tsallake, ta haihu, ita kuwa ba ta da halin zuwa wankan jego cikin sauƙi. A 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara ya bi ta Katsina da Jibiya. Hanyar da fatake suka bi da jakuna da raƙuma ita ce dai injiniyoyi suka sake zaɓa.

In kuwa kin tsallaka, akwai tafkin Madarumfa kafin a kai Maraɗi, wanda ya yi suna saboda tsuntsayensa da kaburburan da mutanen wurin ke cewa na waliyyai 99 ne.

Katsina, inda fatake suka sauke littattafai

Yanzu mu juyo da baya zuwa birnin Katsina, domin a nan ne rabin tafiyar na biyu yake. Ayarin da ke ratso Sahara ta Agadas ba gishiri da tufafi kaɗai suke kawowa ba. Cikin kayansu akwai takarda da littattafai, cikin matafiyan kuma akwai malamai. Kasuwa ce ta ciyar da makaranta, makaranta kuma ta ɗaga sunan garin, har Imamu Suyuɗi na Masar, wanda ya rasu a 1505, ya rubuto wasiƙar nasiha ga Sarkin Katsina Ibrahim Sura.

Ki fara da hasumiyar Gobarau. Ginin ƙasa ne mai tsawon kimanin mita 15, ragowar tsohon masallacin Juma'a na birnin, wanda ya zama cibiyar karatu ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Ki bar yara su ɗaga kai su dube ta sosai, sannan ki tambaye su yadda aka yi laka ta tsaya haka ba siminti ba rodi. Amsar ita ce kulawa: ginin ƙasa yana rayuwa ne muddin ana yi masa yaɓe da gyara. Haka tarihi yake, in aka bar shi damina biyu sai ya fara zubewa.

Daga nan ki ambata musu sunaye uku. Na farko Wali Ɗan Marina, malami kuma mawaƙi da Larabci a ƙarni na 17. Maƙabartar da ake kira da sunansa tana nan cikin birni, kuma a cikinta aka binne Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2010. Na biyu Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, ya kuma rubuta sharhin Ishiriniya, wannan dai da kike ji ana rerawa a watan Mauludi. Unguwar Masanawa tana ɗauke da sunansa. Na uku Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya bar Katsina ya yi aikin Hajji, ya zauna a Alƙahira yana koyarwa har ya rasu a can a 1741. Ya yi rubutu a kan yadda ake jera lambobi cikin gidaje ta yadda duk layin da aka tara zai ba da jimla ɗaya. Ga wasan da za ki ba yara a mota: su zana gida tara, uku sau uku, su jera 1 zuwa 9 ta yadda tsaye da kwance da karkace duk za su ba da 15. Ki gaya musu Bakatsine ya rubuta littafi a kan irin wannan tun kusan shekara 300 da suka wuce.

Zango na ƙarshe shi ne tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, aka kuma mayar da gininta gidan adana kayan tarihi. A waɗannan azuzuwa na ƙasa Sardauna Ahmadu Bello ya yi karatu, haka Abubakar Tafawa Ɓalewa, haka Abubakar Imam. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Dokta East, ta sa gasar rubuta labarai da Hausa. Cikin littattafai biyar da aka buga daga wannan gasa, uku suna da cibiya a Katsina: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda a lokacin yake koyarwa a Midil ta Katsina, Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, tsohon ɗalibin kwalejin. Imam ne kuma ya rubuta Magana Jari Ce, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. In ba ki taɓa karanta Shaihu Umar ba, ki neme shi. Akwai uwa a ciki da aka sace mata ɗa, ta bi sawunsa har ƙetaren Sahara. Duk macen da ta san halin da yankinmu ya shiga a shekarun nan ba za ta karanta shi ido a bushe ba.

Kafin ki ɗaura niyya

Gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta. Ƙaramar hukumar Jibiya ta sha fama da hare-haren 'yan bindiga, ƙauyuka da dama sun watse, mata da yara suka yi gudun hijira zuwa cikin gari. A 2025 an yi zaman sulhu a yankin, amma mai hankali ba ya ɗaukar yara ya kama hanya da ka. Ku shawarta da maigida, ku tambayi wanda yake zaune a can da direbobin tasha halin da hanya take ciki a wannan makon. Ku fita da safe, ku dawo kafin la'asar ta yi sanyi, kada ku ratse daga babbar hanya. In an ce a dakata, ku tsaya a Katsina, Gobarau da kwalejin sun ishe ku wuni guda.

In za ku tsallaka, kowa ya riƙe takardar shaidarsa da katin rigakafi, ku kuma tambayi jami'ai abin da ake buƙata tun kafin ranar, domin Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a watan Janairu na 2025. Kada ki karɓi saƙon ƙulli daga wanda ba ki sani ba, kada kuma kwaɗayin araha ya sa ki sayi abin da kwastan ke kamawa, irin su shinkafa 'yar waje. Ki tanadi ruwan sha da hula ga ƙanana, ki riƙe hannunsu a cikin kasuwa, ki nemi izini kafin ki ɗauki hoton kowa. A wurin jami'an iyaka kuwa ki mayar da waya cikin jaka.

Abu na ƙarshe, ki saya wa kowane yaro ƙaramin littafin rubutu da biro. Da kun dawo gida, bayan sallar isha'i, kowa ya rubuta abu biyar da ya gani da sababbin kalmomi uku da ya ji, ya karanta wa babansa. Kuɗin wannan bai kai na turmin atamfa ɗaya ba. Abubakar Imam ma da alli da allon aji ya fara a wannan gari.

Allah ya zaunar mana da ƙasashenmu lafiya, ya kai mu ya dawo da mu. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.